Babi na Shida: Ɗaura wa Mota Wilin Aloyi

Wili shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kansa, kuma shi ake ɗaure wa mota da noti huɗu, biyar ko shida. Iri biyu ne suka cika hanya. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda ake matsowa daga falle biyu a haɗa su da walda, a shafa masa baƙin fenti, a rufe muninsa da murfin roba. Akwai kuma na aloyi, wanda galibinsa alminiyam ne da aka gauraya da wasu ma'adinai. Motoci da yawa, musamman masu sauƙin kuɗi, da na baƙin ƙarfe suke fitowa daga kamfani, daga baya mai mota ya shiga kasuwa ya sayi na aloyi ya sauya. A ido aikin ba shi da wuya: a kwance, a cire, a sa, a ɗaure. Sai dai wilin da ya shiga daban, wilin da ya dace daban, kuma abin da ya raba su sau da yawa bai wuce milimita biyu ko uku ba.

Yadda ake yin sa

Gaurayen da aka fi amfani da shi alminiyam ne da silikon wajen kashi 7 cikin 100, da ɗan maganiziyam da bai kai kashi ɗaya ba. Silikon ɗin shi ke sa narkakken ƙarfen ya gudana ya cika kowane lungu na mazubi. Bayan ya daskare sai a gasa shi a tanda, a tsoma shi a ruwa, a sake ɗumama shi na wasu awoyi, wannan gashin ne ke ba shi ƙarfi. Mafi yawan wilin da ke kasuwa na zubi ne irin wannan. Mafi arha a cikinsu shi ne wanda aka tsiyaya ƙarfen kawai ya gangara da nauyinsa. Wanda ya fi shi kyau, kuma wanda kamfanonin mota suka fi saye, shi ne wanda aka tura ƙarfen cikin mazubi daga ƙasa da matsin iska, domin ba ya barin kumfa da yawa a ciki. Sama da waɗannan akwai wilin ƙira, wanda ake danne curin alminiyam mai zafi da inji mai ƙarfin dubban tan, sannan a sassaƙe shi. Ya fi ƙarfi, ya fi rashin nauyi, kuɗinsa kuma ya ninka na zubi sau da dama.

Filin tsere ne mahaifar wilin aloyi. Bugatti Type 35, wadda ta fara fitowa a tseren birnin Lyon na Faransa a 1924, da wilin alminiyam na zubi ta zo. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin Fuchs na Jamus ya ƙera wa Porsche 911S wilin ƙira, sannan kamfanoni irin su BBS a Jamus, OZ a Italiya da Enkei a Japan suka mayar da abin sana'a mai zaman kanta. Daga nan ya gangaro kan motocin gida, har ya zama alamar cewa mota ta cika.

Riba da hasara

Alminiyam wajen kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin baƙin ƙarfe idan girmansu ɗaya, shi ya sa ake ɗauka cewa kowane wilin aloyi ya fi sauƙi. Ba haka abin yake ba. Alminiyam bai kai baƙin ƙarfe tauri ba, dole a ƙara masa kauri, kuma masu zane sukan ƙara nama don ado. Wilin zubi mai arha yakan yi nauyi ɗaya da na ƙarfen da ya maye gurbinsa, idan kuwa an ƙara inci to ya ma fi shi. Nauyin wili yana da muhimmanci fiye da nauyin kaya a but, domin yana ƙasa da sifirin, duk gargadar hanya shi take fara cilla wa sama, shokozoba kuma shi ke fama ya maido da shi ƙasa. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada Volkswagen Golf ɗaya da wili daga inci 15 har zuwa 19. Da aka kai 19, motar ta ƙara riƙe hanya a kwana, amma tafiyar da take yi da lita ɗaya ta ragu da wajen kashi 10 cikin 100, tashinta ma ya yi nauyi.

Ribar da ba a musu a kanta ita ce alminiyam yana saurin kwashe zafi, kuma tagogin da ke tsakanin ƙafafun wilin suna barin iska ta shiga wajen birki. Ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuma yakan fito a zagaye daidai fiye da wanda aka matso. Hasararsa tana wajen duka. Idan wilin ƙarfe ya faɗa rami, lanƙwashewa yake yi, mai faci ya sa guduma ya buge bakin, a ci gaba da tafiya. Na zubi kuwa halinsa ɗaya da tukunyar alminiyam ta zubi: yana jure nauyi, amma idan duka ya fi ƙarfinsa sai ya tsage. Wannan ne dalilin da ya sa direbobin motocin haya da masu shiga ƙauyuka da Hilux suke riƙe da na ƙarfe, kuma suna da gaskiya. Ga mafi yawan masu sayen aloyi, dalilin gaskiya shi ne ado, ba kuwa laifi ba ne, muddin an san cewa ado aka saya.

Rubutun da ke bayan wili

Duk wilin kirki yana ɗauke da awonsa, an zuba shi ko an buga shi a bayan ƙafafunsa, kamar haka: 7.5Jx17 H2 ET45. Lamba 17 faɗin da'irar ne da inci, a daidai inda bakin taya ke zama. Lamba 7.5 faɗin gadon ne daga ciki zuwa ciki, don haka wanda ya sa tef ya auna daga waje zai ga ƙarin wajen inci ɗaya. Harafin J fasalin leɓen wilin ne, H2 kuma 'yan tudu biyu ne da ke hana bakin tayar tubles zamewa ciki idan iska ta ragu. ET45 awon zurfin zama ne, za a zo kansa. Awo biyu da suka fi jawo rikici, wato da'irar hudojin noti da faɗin hudar tsakiya, sau da yawa ba a rubuta su, sai an auna.

Da'irar hudoji

Hudojin noti suna zaune ne a kan wata da'ira, faɗinta da milimita shi ake kira PCD, a rubuta shi tare da yawan hudojin. Toyota Camry, Highlander, Sienna da RAV4 duk 5x114.3 ne, haka ma Honda Accord daga 2003. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa gaba 5x100 ce, don haka wilin Camry ba ya hawa kanta ko da yake gidansu ɗaya. Yawancin Golf 3 na da 4x100, Golf 4 na da 5x100, Golf 5 da Sharan da galibin Marsandi 5x112. Peugeot 406, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, 4x108 ce. Prado da yawancin Hilux 6x139.7.

Idan bambancin babba ne, babu haɗari, domin wilin ba zai shiga ba ma. Haɗarin yana wurin awon da suka yi kusa da juna. Tsakanin 5x114.3 da 5x112, kowace huda ta kauce da ɗan abin da ya haura milimita ɗaya kacal. Wilin zai rataya, noti zai kama zare, mai sayarwa ya ce ai ga shi ya zauna. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne notin farko da aka ɗaure ya janye wilin gefensa, sauran huɗun kuma kowanne ya zauna a karkace, gefe ɗaya na mazauninsa kawai yake taɓawa. Kowane juyi na taya sai ya ɗan tanƙwara sitod, wato ƙusar da notin ke hawa, ya sake ta. Ƙarfe kuwa yana gajiya. Farko noti ya riƙa kwancewa da kansa, daga baya sitod ya karye, kuma idan ɗaya ya tafi sauran ba sa daɗewa.

Auna wili mai huda huɗu ko shida abu ne mai sauƙi: daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar wadda ke fuskantarta. Mai biyar ba shi da huda mai fuskantar wata, sai a auna tsakanin maƙwabta biyu a ninka da 1.701. Na 114.3 zai ba da milimita 67.2, na 112 ya ba da 65.8, na 100 kuma 58.8. Tef ɗin tela ba ya iya raba na farko da na biyu, sai ma'aunin ƙarfe irin na masu sassaƙa. Wasu kan kai wili a faɗaɗa hudojin ko a huda sababbi kusa da na asali; wannan yanka ne a daidai wurin da wilin ya fi buƙatar nama.

Hudar tsakiya

A tsakiyar hob, wato cibiyar da wili ke jingina da ita, akwai ɗan wuya da ya turo waje. Wilin kamfani yana hawa wuyan nan cif, shi ke daidaita shi a tsakiya tun kafin a sa noti. Kowane kamfani da nasa awon: Toyota masu 5x114.3 suna da 60.1, Corolla 54.1, Honda Accord 64.1, Nissan da yawa 66.1, Hyundai da Kia da Mazda masu huda biyar 67.1, Volkswagen 57.1, Marsandi 66.6, Peugeot 65.1. Daga nan ake gane dalilin da ya sa wilin Accord ke shiga Camry da sararin milimita huɗu, amma na Camry ba ya shiga Accord, alhali hudojin notinsu ɗaya ne. Haka wilin tsohuwar Ford Focus, mai 4x108 da tsakiya 63.4, ba ya zama a kan 406. Mafi muni shi ne a tilasta shi: wilin ya maƙale a bakin wuyan bai kai ga fuskar hob ba, a ɗaure noti a kan iska.

Masu ƙera wilin kasuwa suna son wili ɗaya ya hau motoci da yawa, sai su yi hudar da faɗi, galibi 73.1. Cike giɓin aikin wani zobe ne na roba mai tauri ko na alminiyam, da ake rubuta awonsa biyu a jiki, misali 73.1 zuwa 60.1. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi aka fi mantawa. Ba zoben ke ɗaukar nauyin mota ba, matsin noti ne ke manne wili da hob har su zama kamar abu ɗaya. Aikinsa kawai ya riƙe wilin a tsakiya lokacin ɗauri. In babu shi, wilin kan zauna a ɗan goce, sai sitiyari ya riƙa kakkarwa idan gudu ya kai kilomita 90 ko 100, mai mota ya yi ta biyan kuɗin balansin ba tare da ciwon ya warke ba.

Zurfin zama da faɗi

ET taƙaitawa ce daga Jamusanci, kuma tana nufin tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne da hob. Idan lambar ta yi girma, wili ya shige cikin mota; idan ta yi ƙasa, ya turo waje. Yawancin motocin da ke ja da gaba suna tsakanin 35 da 55, motocin Peugeot na zamanin 406 sun fi haka ƙasa, manyan motocin daji kuma sukan kusanci sifiri.

Ba a duba ET shi kaɗai, sai tare da faɗi. A ɗauki mota mai wili 6.5 da ET45, aka kawo mata mai faɗin 8 da ET35. An ƙara inci ɗaya da rabi, wato milimita 38, rabi ciki rabi waje, 19 kowane gefe. Ragin 10 a ET kuma ya tura wilin gaba ɗaya waje da milimita 10. Sakamakon shi ne leɓen waje ya fito da 29, na ciki ya matso kusa da shokozoba da 9. Ko motar za ta ɗauki wannan, sai an gwada: a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa, sannan a tuna cewa motar da ke tsaye babu kowa ciki ba ita ce motar da ta ɗauki mutum biyar da buhun shinkafa ta hau tudun rage gudu ba. Bakin fenda yana da kaifi, kuma gefen taya shi ne wurin da ya fi rauni a jikinta.

Ko da babu gugar komai, turo wili waje da yawa yana sauya inda nauyi ke sauka a kan boris, ya rage masa kwana, ya kuma sa sitiyari ya riƙa fizga idan aka taka birki ko aka ci rami. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kada a yi nisa da ET na kamfani fiye da milimita biyar zuwa goma. Akwai kuma batun birki. Maƙalen da ke damƙe faifan birki yana buƙatar sarari ta sama da ta gaba, kuma fasalin ƙafafun wili ne ke yanke hukunci, ba lambobi ba. Wili biyu masu awo ɗaya, wani ya wuce wani ya goga. Faifan da ake sawa tsakanin hob da wili don a samu sarari yana cinye tsawon sitod daidai kaurinsa, saboda haka duk wanda ya wuce milimita uku yana neman dogayen sitod.

Noti

Noti ba zare kaɗai ba ne, yana da mazauni, kuma iri uku ne. Akwai mai tsini, wanda kusurwarsa digiri 60 ce, shi ne na mafi yawan wilin kasuwa. Akwai mai kumburi kamar rabin ƙwallo, na wilin kamfanin Honda da Volkswagen da Marsandi. Akwai mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da washa, na wilin aloyin Toyota. Mazaunin wili ne ke zaɓar noti, zare kuma mota ke zaɓa. Toyota da Honda zarensu ɗaya, M12x1.5, shi ya sa notin wannan ke hawa sitod ɗin waccan lafiya lau, mutum ya ɗauka komai daidai ne. Amma idan aka sa wilin Accord a Camry da notin Toyota, ko aka ɗaure wilin kasuwa da notin Honda, siririn layi ne kawai ke taɓawa, alminiyam ɗin ya lotse, ɗaurin ya saki. Nissan da Peugeot zarensu M12x1.25 ne, ya fi sirantaka. Notin Toyota zai yi juyi ɗaya ko biyu a kai sannan ya cije, wanda ya matsa masa kuwa ya cinye zaren.

Wilin aloyi ya fi na ƙarfe kauri a wajen hudoji, don haka sitod ɗin da ya isa a da yana iya gazawa. Ƙa'idar ita ce zaren da ya kama ya kai aƙalla kaurin sitod ɗin: a M12x1.5, juyi takwas ke nan, kuma ana iya ƙirga su da hannu. Motocin Turai da yawa ba su da sitod, bol ake ɗaurawa cikin hob, a nan kuma tsawo ma matsala ne, domin bol ɗin da ya zarce yana iya taɓa kayan birkin hannu a baya. Idan safaya ta ƙarfe ce, a bar mata nata notunan a but.

Taya

Dokar ƙara inci ɗaya ce: tsayin taya da wili a haɗe kada ya sauya. Abin da wili ya ƙara, taya ce ke biya daga gefenta. Camry ta 2007 zuwa 2011 takan zo da 215/60 R16, ma'ana faɗi milimita 215, tsayin gefe kashi 60 cikin 100 na faɗin, wato 129. A haɗe tsayinta 664. Idan aka hau 17 sai 215/55, gefe 118, jimla 668. A 18 sai 225/45, gefe 101, jimla 660. Mai son 20 kuwa sai 225/35, inda gefen ya koma 79. Duk suna cikin kashi 3 cikin 100 da ake yarda da shi, don maleji ya faɗi gaskiya, na'urar ABS kuma kada ta rikice.

Lissafin ya yi daidai, amma hanya ba ta karanta lissafi. Gefen taya shi ne matashin da ke tsakanin bakin rami da leɓen wili, kuma daga 129 zuwa 79 an zubar da fiye da kashi ɗaya bisa uku nasa. Siririyar taya an yi ta ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. A hanyar da damina ta farfasa, rami ɗaya ya isa ya tsinke zaren gefen taya ta yi ƙulu, ya kuma lanƙwasa leɓen ciki na wilin, inda babu ƙafafun da za su tallafe shi. Ga motar yau da kullum a irin waɗannan hanyoyi, inci ɗaya a kan na kamfani shi ne iyakar hankali, sauya ƙarfe da aloyi a incin kamfani ba ƙari kuwa ya fi duka. Tayar 16 ta kuma fi ta 19 arha, ta fi ta samuwa idan ta fashe a nesa da birni.

Lambar nauyi ta sabuwar taya kada ta gaza ta tsohuwa: 91 na ɗaukar kilo 615, 94 na ɗaukar 670. Kowace taya kuma tana da faɗin wilin da aka yarje mata, miƙe siririyar taya a kan faffaɗan wili don ado yana barin leɓen a fili, yana kuma sa bakin tayar ya iya ficewa.

Wajen saye

Wili ma yana da iyakar nauyi, wilin kirki kuma yakan rubuta ta a baya. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ke nuna nauyin da gaba da baya za su iya ɗauka. A raba mafi girman biyu, wilin ya kai wannan ko ya fi. Sienna da Camry hudojinsu da tsakiyarsu ɗaya, amma Sienna da aka cika da fasinja da kaya ba sa'ar Camry ba ce.

A Japan wili yana ɗauke da tambarin JWL, shaidar mai ƙira cewa ya cika ƙa'idar ƙasar, da VIA, shaidar cewa wata hukuma daban ta gwada shi da juyi a ƙarƙashin nauyi da kuma duka. A Jamus akwai lambar KBA, kuma ba a hawa titi da wilin da ba a amince wa wannan samfurin mota da shi ba. Sai dai tambari ba ya wuyar kwaikwayo ga mai mazubi, kuma kasuwa cike take da wilin da aka kwafi zanen manyan kamfanoni. A Ladipo ta Legas, Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna ko Abossey Okai ta Accra, tantancewa tana wuyan mai saye da makanikinsa. Shi ya sa tsohon wilin kamfani da aka ciro daga mota irin ta mutum yakan fi sabo mai ƙyalli da ba a san asalinsa ba: awonsa daidai, notinsa ma na nan.

Na hannu kuwa bayansa ake dubawa, ba fuskarsa ba. A wanke shi, a bi leɓen ciki da yatsa, a duba gindin kowace ƙafa da kewayen hudoji ko akwai tsaga kamar gashi. Tabon walda, ko wurin da aka goge ya fi sauran santsi, ko sabon fenti a wili ɗaya cikin huɗu, duk abin tambaya ne. Hudar da ta zama kamar ƙwai ta nuna an yi tafiya da noti a kwance. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, yakan ci alminiyam a inda bakin taya ke zama, ya bar farin gari da ƙananan ramuka, iska ta riƙa sulalewa a hankali. Hukunci na ƙarshe na injin balansin ne: a ɗora wilin babu taya a juya shi, in ya karkace ido zai gani.

Ɗaurawa

Kafin a sa taya, a gwada wili ɗaya tsirara a gaba, ɗaya a baya, a juya da hannu. Wilin da aka riga aka sa wa taya mai shago ba ya son karɓarsa. A sa taya da inji mai kariyar roba, domin liba da guduma da suka saba da wilin ƙarfe suna ɓantare leɓen aloyi. A sa sabon bawul. Motocin da aka sayar a Amurka daga ƙarshen 2007 doka ta wajabta musu na'urar lura da iskar taya, a yawancinsu tana manne da bawul daga ciki. In ba a mayar da ita kan sabon wili ba, fitilarta ba za ta mutu a dashbod ba. Wajen balansin, dalmar da ake mannawa daga ciki ita ta dace, ba wadda ake bugawa a leɓe ba.

A kankare tsatsar fuskar hob da buroshin waya har ta yi fes, domin ɓarɓashin da ya rage zai murƙushe daga baya ɗaurin ya yi sako-sako. A kama kowane noti da hannu tukuna. A ɗaure su a tsallake, wannan sannan na can ƙetarensa, a zagaye biyu ko uku, a ƙarasa bayan an sauke jak. Zare a bushe ake ɗaure shi, giris yana sa a wuce awo ba a sani ba. Awon yana cikin littafin mota: Camry da Corolla 103 Nm, Accord 108, Golf 5 kuma 120. Mutum mai kilo 70 da ya hau kan sifana mai tsawon santimita 30 ya riga ya ba da fiye da 200, in ya zura mata bututu ya yi tsalle kuwa abin ya wuce 300. Wannan yana miƙar da sitod, ya lotsa mazaunin noti, ya bar wa direba notin da ba zai iya kwancewa a bakin hanya ba. Sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan an kai, ita ce kayan aikin. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan, saboda fenti da sabon mazauni sukan ɗan kwanta.

Idan ya lalace

Ƙarzuwar gefen titi ta fenti ce, ana gogewa a sake fesawa. Ƙaramar lanƙwasa a leɓen ciki ana iya miƙe ta da injin matsi a hannun wanda ya ƙware. Wuta ce abin tsoro. Alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi, don haka mai hura masa wuta ba ya ganin inda ya kai, kuma zafin da bai kai na narkewa ba ya isa ya warware gashin da aka yi masa a kamfani, wurin ya yi laushi. Walda ma haka take yi wa kewayenta. Gajeriyar tsaga ɗaya a leɓen ciki wasu masu gyara suna karɓarta, da waldar argon, a kuma mayar da wilin baya. Tsagar da ta kama ƙafa, ko kewayen hudojin noti, ko ta bi da'irar wilin, ba ta da gyara. Irin wannan wili sai a sayar wa masu awon ƙarfe a kilo, a nemo wani mai awo ɗaya da sauran ukun.